SHAIDA TA UKU

Shafi na 19

Jama'a na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta kwaso kayanta ta tare a ƙofar gidanmu. Ajiye kayan 'yar'uwa, ga shi nan. Amma mai raunin zuciya ya nemi wuri ya zauna tukun, ban son a ce ni na jawo.

*

Auta ta shigo tsangayar koyon shari'a da hantsin nan tana taku ɗai-ɗai, kai ka rantse ita ta gina wurin. Ni dai ban ga laifinta ba. Jiya-jiyan nan ta tsaya gaban ɗakin taro cike maƙil da malamai da baƙi, ta gabatar da babi mafi nauyi a binciken digirinta na uku, wanda ya tono yadda bankuna ke rufe asusun mutanen da suka gudo wa yaƙi, ba don sun yi laifin komai ba, sai don sunan garin da aka haife su yana ba bankin tsoro. Aka yi ta tafa mata har kunya ta kama ta.

A gida kuwa ba a magana. Umma ta hana Yaya sakat da wayarsa, a kunna mata bidiyon taron, ya ƙare a sake kunnawa, alhali rabin abin da ake faɗa ba ganewa take ba. Ita dai ta ga autarta riƙe da abin magana, manya na gyaɗa kai.

"Shi ke nan, mun shiga uku," in ji Yaya yana ɗaura takalmi zai tafi gareji. "Yanzu ko cewa mutum ya yi gishiri ya yi yawa a miya, sai an ce ya kawo hujja."

"Ka kawo mana," Auta ta ce tana dariya.

Hujjar ce kuwa ta kwana tana yi mata daɗi a rai. Don jiya da aka zo lokacin tambayoyi, wani dogon mutum ya miƙe daga layin baya, sanye da kwat mai ruwan toka, fuskarsa ɗauke da murmushin da bai gushe ba har ya zauna. Ya ce shi ne lauyan da aka gayyata daga ɗaya daga cikin bankunan.

"Barista, kin yi ƙoƙari," ya ce cikin taushin murya. "Amma matar nan da kike ta kira Shaida ta Uku, ki faɗa mana gaskiya, ƙirƙirar ta kika yi. Babu reshenmu da ya taɓa yi wa wata haka. Mu nan lauyoyi ne, ba tatsuniya muka zo saurara ba."

Wasu suka yi dariya. Duk wanda ya san lauya ya san za ka iya zagin sa ya shanye, amma ka ce ba shi da hujja a gaban jama'a, to ka taɓo inda yake masa ciwo. Kan Auta ya yi zafi. Ba ta ko duba takardarta ba ta mayar masa.

"Akwai ta, kuma tana raye. Ungozoma ce, da tabon ƙuna a hannunta na hagu. Reshenku da ke kallon tashar mota ne ya rufe mata asusu. Wata da watanni tana zarya da tagwayenta mata, ka je ka tambayi mai gadin ƙofar, ya san ta sarai."

Mutumin ya ɗan rusuna, murmushinsa ya ƙara faɗi.

"Na gamsu," ya ce, ya koma ya zauna. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Da wannan tafin a kunnenta ta ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, malamin da ke duba bincikenta.

"Barista! Shigo, shigo. Kwashe littattafan nan ki zauna."

"Ina kwana, Farfesa."

"Lafiya lau, yau kam lafiya ƙalau." Bakinsa har kunne, ya ture kofin shayinsa da ya riga ya bar zobe a kan aikin wani ɗalibi. "Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin ɗaliba ta zaunar da lauyan banki da numfashi ɗaya ba. Abin da nake faɗa muku ke nan kullum, kada ku bar magana tsirara. In aka ƙalubalance ku, ku tufatar da ita da hujja nan take."

"Koyarwarka ce, ranka ya daɗe."

Wayarsa ta yi ƙara a ƙarƙashin takardu. Ya lalubo ta, ya ɗaga gilashi ya duba, ya kashe wa Auta ido.

"Kin gani ko? Shugaban sashen shari'a na bankin ne. Sun ji a jikinsu."

Ya kara a kunne yana juya kujera.

"A'a, haba, ba komai... Haƙurin me kuma?... Wa bai samu zuwa ba?"

Kujerar ta daina juyawa.

"A'a, ai ya zo. Ya zo mana, har tambaya ya yi... Wani dogo, mai kwat ruwan toka... Mace? Wakiliyar taku mace ce?"

Auta ta gyara zama.

"Ɗanta ne ba lafiya... Na ji. To a ma'aikatanku ba wani mai kama da haka?... Ko a wani reshen?... To. To. Na gode."

Ya ajiye wayar a hankali. Fanka na ta ƙugi a sama, amma gumi ne ya keto masa a goshi.

"Farfesa," Auta ta ce, "in ba lauyan banki ba ne, wane ne?"

"Wataƙila ɗan jarida ne."

"Ɗan jarida zai ce shi lauyan banki ne?"

"Ko wani ɗalibi mai neman suna. Kin san taron a buɗe yake, kowa na iya shigowa."

"Na gamsu ya ce, Farfesa. Bai yi gardama ba, bai nemi ƙarin bayani ba. Na gamsu kawai ya ce."

Sai yanzu ta ji kalmar yadda take.

Masu bin labarin nan sun san wace ce Shaida ta Uku, amma bari in tuna wa mai mantuwa. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar da ta baro. Tana bakin aiki ranar da masu bindiga suka shigo suka yi wa marasa lafiya abin da baki ba ya iya faɗa, suka cinna wa ginin wuta. Ta tsira da ƙunar hannu. Daga baya ta ba da shaida gaban kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam, tana bayan labule, an sauya mata murya. Su uku suka ba da shaidar. Biyun tuni aka neme su aka rasa. Ita kaɗai ta rage, kuma za a sake kiran ta in shari'a ta zo. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɓoye ta a wannan gari da wani suna daban, tana ɗinki a cikin gida, ba ta shiga harkar kowa. Rufe asusun da ƙungiyar ke turo mata tallafi ne ya haɗa ta da Auta, kuma sharaɗi ɗaya tak ta gindaya kafin ta buɗe baki: ki faɗi abin da aka yi min, amma kada ki faɗe ni.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Auta ta furta, hannunta a ka. "Na ba shi aikinta. Na ba shi tabon. Na ba shi unguwar. Har yaran, Farfesa, har yaran na ba shi."

"Kwantar da hankalinki, ba ki faɗi suna ba."

"Ina ruwansu da suna? Sunan ma ai ba nata ba ne!"

Farfesa ya miƙe ya rufe ƙofar ofis, har da murza makulli. Ya dawo ya yi ƙasa da murya.

"Saurare ni da kyau. Abu na farko, za a sauke bidiyon nan daga shafin jami'a yanzu-yanzu."

"Mutumin a ɗakin yake zaune. Da kunnensa ya ji."

"Duk da haka. Na biyu, za mu zauna ni da ke mu rubuta wa kwamitin ɗa'ar bincike bayani, mu tsara shi yadda ba zai zama kamar..."

"Bayani?"

"Barista, in maganar nan ta fita ba tsari, digirinki ya tafi. Tallafin tsangayar nan ya tafi. Akwai ɗalibai a bayanki da ke cin abinci da shi."

Auta ta dube shi kamar yau ta fara ganin sa. Wannan ne mutumin da littafinsa a kan kare fararen hula ya sa ta zaɓi wannan fanni. Ga shi tsaye yana neman biro.

"Ranka ya daɗe, mace da 'ya'yanta biyu ake nema a kashe, kai kana neman biro?"

"Ki iya bakinki."

"Da na iya shi jiya ai da ba mu zo nan ba! Kuma da na saki bakin, wa ya fara tafawa? Kai ne a layin gaba. Yanzun nan ka gama ce min koyarwarka ce."

Ya zauna daɓas a kujera, ya cire gilashin ya riƙe. Sai ta ga tsufansa ya fito fili, ta kuma ga tsoro ne fal cikinsa, irin wanda ke cikinta.

"Na tafa," ya ce a hankali. "Wallahi na tafa, ko a raina ban kawo komai ba. Shekara nawa ina koyar da kare shaida, aka yi abin a gabana ina murna." Ya share fuska da tafin hannu. "Kira ta. Ki ce ta bar gidan yanzu."

Auta ta zaro waya da sauri, ta buɗe wajen lambobi, sai yatsanta ya tsaya cak.

"Ba ni da lambarta."

"Kamar yaya ba ki da ita?"

"Ƙa'idar kwamitin ɗa'a. In an gama hira da shaida mai haɗari, a goge lamba, a goge saƙonni, kada wayar mai bincike ta faɗa hannun wani. A gabanka na goge, kai ka sa hannu."

Farfesa ya runtse ido.

"To jami'ar ƙungiyar agajin, wadda ta haɗa ku."

Ta kira. A kashe. Ta sake kira, a kashe dai. Ta nemo lambar ofishin ƙungiyar, wata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Don Allah 'yar'uwa, jami'ar kariya nake nema, maganar gaggawa ce."

"Ta fita aiki wajen gari, inda take ba a samun waya. Sai dai in kin bar saƙo."

"Akwai wata mata da kuke kula da ita, ungozoma, mai tagwaye, rayuwarta na cikin..."

"Yi haƙuri, ba ma tabbatar wa kowa ta waya cewa mun san wani ko ba mu san shi ba."

"Ni ce mai binciken da ta yi hira da ita! Ku kuka ba ni izini!"

"Na ji ki, amma duk mai kira haka zai ce. Ki zo ofis da katin shaidarki, za a duba."

Auta ta sauke wayar, hawaye na zubo mata. Matar ba ta yi laifi ba, abin da ya kamata ta yi ke nan. Kowa ya riƙe ƙa'idarsa gam, ita kaɗai ce ta saki tata a gaban jama'a don a tafa mata.

"'Yan sanda fa?" in ji Farfesa.

"In ce musu me? In ƙara faɗa wa wasu mutanen inda take? Ban san wa zai ɗauki wayar ba."

Ta suri jakarta ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Ƙafata ta san gidan."

"Ki jira direbana ya dawo daga ɗauko yara, in ya so..."

"Tun jiya da rana mutumin nan yake da abin da yake nema, Farfesa. Buɗe min ƙofa."

Ya buɗe. Bai ce zai bi ta ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A kan matakala ta kira Yaya. Ƙarar guduma da injin na tashi a bayansa.

"Autar Umma, an kawo hujjar gishirin ne?"

"Yaya, na yi ɓarna." Kuka ya ƙwace mata. A gurguje ta faɗa masa, rabi magana rabi shessheƙa. Ƙarar gudumar ta yi nisa, alamar ya fita waje.

"Ke, tsaya. Kina ina yanzu?"

"Bakin tsangaya."

"Kada ki motsa. Motar da ke hannuna an sauke mata ƙafa, bari in ari ta maƙwabcina in zo. Kin ji ni? Kada ki je wurin nan ke kaɗai."

"Kafin ka ratso gari an yi abin da za a yi."

"Auta! In wani abu ya same ki me zan ce wa Umma?"

"In wani abu ya same su, Yaya, ni me zan ce wa Allah?"

Ta kashe wayar kafin ya karya mata gwiwa.

A bakin babbar ƙofa ko hannu ba ta gama ɗagawa ba wata tasi ta gangaro ta tsaya a gabanta. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, rigarsa fes, motarsa na ƙamshi. Ta faɗa baya ta ce ya kai ta wajen tashar mota.

"An gama, ranki ya daɗe."

Bai dame ta da surutu ba, ta kuwa gode masa a ranta. Duk tsawon hanya a juye take, gwiwa a kan kujera, tana leƙen gilashin baya. Wata farar mota ta bi su har shatale-tale biyu, sai motar ta karya hagu. Wani mai babur ya matso dab da su, ta duƙe, ashe wucewa zai yi. Kowace fuska a titi ta zame mata ta mai murmushin nan.

Da suka zo reshen bankin sai ta hango mai gadin zaune a kan bencinsa yana hira da wani. Ta kau da kai da sauri. Ko an riga an zo an tambaye shi? Ko ya nuna hanyar da matar ke bi in ta fito?

"Baba, wuce tashar. Ka bi ta bayan gidan mai."

"To."

"Ka shiga dama. Sannan layin masu walda."

"To, ranki ya daɗe."

A bakin wani kantin magani ta ce ya tsaya. Ta yi wa kanta wayo, ba za ta sauka a ƙofar gidan ba. Ta miƙa masa kuɗinsa ba ta jira canji ba, ta shiga kantin ta fita ta ɗaya ƙofar, ta ratsa wani lungu mai kwata a tsakiya, tana tafe tana waige. Ba kowa sai wata tsohuwa mai shanya da kaji biyu. Ta isa ƙaramar ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, ta buga a hankali.

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya a ciki.

"Wane ne?"

"Ni ce, Anti. Mai binciken jami'a."

Sannan sakata ta yi ƙara, ƙofar ta buɗe kaɗan. Ungozoma ta jawo ta ciki da hannu ɗaya, ta mayar da sakatar. Tana raye. Auta ta ji kamar ta zube ƙasa don godiya.

Ɗakin na nan yadda ta san shi. Keke a jikin taga, tarin yadin kayan makaranta a kan tabarma, ƙananan takalma biyu iri ɗaya a bayan ƙofa. Ungozoma ba ta ce ta zauna ba. Tsinin almakashi na leƙowa daga hannunta mai tabon.

"Ƙanwata, mun yi da ke ba za ki sake zuwa ba."

"Anti, ki yafe min."

"Me ya faru?"

Auta ta durƙusa. Ta faɗa mata komai, ba ta rage ba, ba ta gyara ba. Taron, mutumin, tambayar, amsar da ta bayar, wayar da aka yi wa Farfesa. Tana magana tana jiran mari, ko zagi, ko ihu. Da ma a ce an mare ta, da ta fi jin sauƙi.

Ungozoma ba ta yi ko ɗaya ba. Jingina ta yi da bango, idonta ya tafi kan takalman nan biyu.

"Har yaran kika faɗa?"

"Har su."

"Dogo ne? Yana magana a hankali kamar mai lallashin jariri?"

"Shi ne."

"Yana murmushi?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Haka ya yi ta murmushi ranar," in ji Ungozoma, muryarta kamar daga rijiya. "Yana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa."

Sai kuma ta zabura kamar an tsikare ta. Ta jefar da almakashin, ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, a ɗaure take tsaf, da gani ta daɗe a shirye tana jiran rana irin ta yau. Ta yafa mayafi.

"Yanzu ake tashin su daga makaranta. Zan tare su a hanya, ba za mu dawo nan ba. Wa ya san kin zo?"

"Farfesa da yayana, amma ba su san gidan ba."

"An biyo ki?"

"Wallahi a'a. Tun daga jami'a nake duba baya, ba motar da ta bi mu."

Ungozoma ta tsaya da ɗaurin mayafin.

"Ku? Ke da wa?"

"Mai tasi. Wani dattijo ne, ba ruwansa. Kuma can bakin kantin magani na sauka."

"A ina kika same shi?"

"A ƙofar jami'a. Ina fitowa ya..."

Ta ƙarasa maganar a ranta. Ina fitowa ya tsaya. Ƙofar da kullum sai ta yi ta shan rana kafin ta samu mota. Duk hanya bayanta take dubawa, ko sau ɗaya ba ta dubi wanda ke gabanta ba, tana ce masa dama, yana cewa to.

Ungozoma ta lallaɓa jikin taga, ta ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya. Auta na kallon bayanta, ta ga yadda kafaɗunta suka sage. Ta saki labulen, ta juyo, fuskarta ba ɗigon jini.

"Direban motar asibitinmu ne," ta ce da raɗa. "Shi ya buɗe musu ƙofa."

Aka buga ƙofar ƙarfen. Sau biyu, a hankali, bugun mai ladabi.

"Barista," muryar dattijon ta shigo, "kin bar jakarki a mota."

Auta ta shafa kafaɗarta. Wayam. Jakar, da wayar a ciki. Kuma ita ba ta taɓa ce masa ita lauya ba ce.

Ungozoma ta ɗora yatsa a leɓe. Ta kama hannun Auta, ta nuna mata ƙofar bayan gida da ke fita wani lungun. Suka fara ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, ba mai numfashi. Sakatar gaba a rufe take, ƙofar ƙarfe ce, kafin ya ɓalle ta sun yi nisa.

Sai suka ji gudun ƙananan ƙafafu a lungu, da ƙarar kwanon abinci na kaɗawa a jakar makaranta, da dariyar yara biyu masu rigimar wa ya riga isowa.

Dariyar ta tsaya a bakin ƙofa.

"A'a, ku ne 'yan biyun?" in ji dattijon, muryarsa cike da fara'a. "Kai, masha Allah, kun girma. Ku zo nan ku gaishe da Baba. Yauwa, kawo hannun. Ke ma kawo naki."

"Mama!" ɗaya ta kira. "Mama, buɗe, kin yi baƙo!"

Ungozoma ta saki hannun Auta. Ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta taka zuwa ƙofar ƙarfen, ta ɗora hannunta mai tabon a kan sakata.